Ranar da Hoton Kezia Ya Tsaya

Azare, Ƙasar Katagum,
Jihar Bauchi.

Zuwa ga autana Abdulrahim,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Khaulat da ƙawata Hadiza. Allah Ya tsare ku a ƙasar mutane, Ya yi wa nemanka albarka, Ya raba ka da sharrin abokan aiki da na zuciyarka. Ya zafin Doha? Saleh, da ya zo hutu daga wurinku, ya ce mini namu na Azare wasan yara ne a kan naku, na ce to lallai ku riƙa shan ruwa, kada kuma ku bar yarinyar nan tana tsayawa a gaban na'urar sanyi da jiƙaƙƙen kai.

Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar nan tawa ta yi sauƙi tun da aka canza mini magani, har ina iya yin salla a tsaye idan ba a yi ruwa ba. Damina ta yi kyau bana. Yayanka Ɗanladi ya je gonar Chinade ya dawo yana ta murna, ya ce gero ya fitar da kai, wake ma ya rufe ƙasa, sai dai ruwa ya kwanta a gefen kwari ya ɗan cinye gyaɗa. Katangar bayan gida da ta tsage an gyara ta. Akuyar nan mai taurin kai ta haifi biyu. Na ba Saleh ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa da yajin daddawa ya kawo wa Khaulat, idan ba su ƙwace a filin jirgi ba, ka ce mata daddawar ta Sakwa ce, kada ta zuba da yawa.

Abdulrahim, maganar wayfai ɗin nan ce ta sa na ɗauki biro. Ka san rabinta, rabin da na ga dama na faɗa maka, kuma a kan wannan rabin ka yi magana. Ina so ka zauna ka karanta har ƙarshe kafin ka ce komai.

Ka tuna lokacin da ka zo hutu bara ka kawo ɗan farin akwatin nan, ka sa aka ɗaura shi a saman taga, ka haɗa shi da sola don kada wuta ta riƙa katse mu. Ka ce don in riƙa ganin Hadiza tana girma ne, ba sai an turo mini hoto ba. Ka kuma zaunar da ni ka yi mini bayani dalla-dalla. Ka ce kamfanin suna kiransa mara iyaka, amma suna ne kawai, domin akwai kason da suka ware wa kowane gida a wata, idan an cinye shi ba za su yanke ba, sai dai su rage masa gudu har ya zama ko hoto ba ya buɗewa sai wata ya zagayo. Ka ce suna kiran wannan ƙa'idar amfani cikin adalci, wai don kada gida ɗaya ya shanye abin da unguwa za ta raba. Ka ce ni kaɗai ko kwana zan yi ina kallo ba zan taɓa kai wa wannan kaso ba, amma in riƙe lambar sirrin a wurina. Na ji, na gane sarai. Wadda ta yi shekaru tana shugabar makarantar firamare ba za ta ce ba ta fahimci wannan ba.

Ko wata ba ka yi da komawa ba na ba da lambar. Wata ɗalibar kwaleji ce a layinmu ta shigo tana neman sauke wani darasi, datarta ta ƙare, na ga ba wani abu ba ne. Ta gaya wa ƙawarta, ƙawar ta zo da yayarta. Kafin in ankara, da an yi la'asar tsakar gidanmu ta cika. Matan unguwa su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiya, wannan tana sauraron tafsiri, waccan tana koyon yadda ake kek a tukunya, wasu sun haɗa kai a kan fim ɗin Indiya mai fassara suna ta gardama a kan wanda ya fi mugunta. Masu miji a Legas da Fatakwal su shige zaure su yi kiran bidiyo suna rufe baki da mayafi. Samari kuma, da yake ba za su shigo ba, sai suka mayar da dakalin ƙofar gida wurin zama, wai nan ma yana kamawa. Aka sa wa gidan suna gidan Hajiya Yelwa mai anlimited, wato mara iyaka. Idan wata ta tambaye ni ko ba ya ƙarewa, sai in ɗaga hannu in ce su sha kawai, autana ne ya saka mini, irin wanda ba shi da iyaka. Da bakina na riƙa faɗin haka, ina kuma jin daɗin faɗinsa.

Ba zan ɓoye maka dalili ba, ko da yake ba uzuri ba ne. Tun da mahaifinku ya rasu, 'yan'uwanka mata suka tafi gidajensu, Ɗanladi ya tare a nasa, kai kuma ka ƙetare, gidan nan ya yi mini girma. Akwai ranakun da nake wuni ban yi magana da kowa ba sai akuya. Ina dafa abinci in rasa wanda zan ce wa gishiri ya ji ko bai ji ba. Sai ga shi dare ɗaya ana sallama ana sallama, ana kawo mini ɗan wake da fura, ana ba ni labarin gari, jarirai suna yi mini fitsari a zane. Na san wayfai ne ya kawo su. Na sani, amma ban so in tsaya in tantance wace ce ta zo don ni, wace ce ta zo don shi.

Ba a daɗe ba abin da ka faɗa ya fara faruwa. Duk ƙarshen wata sai abin ya yi nauyi, bidiyo ya tsaya yana ta juya ɗan zoben nan, mata su yi ta tsaki. Saƙon kamfani kuwa yana shigowa wayata tun kafin nan, tunda da lambata ka yi rajista, yana cewa an kusa cinye kason wata. Ina karantawa in goge. Idan suka tambaya sai in ce hadari ne, ko in ce netwok ne na garin gaba ɗaya. Kai ma da ka yi ƙorafin fuskata tana daskarewa idan muna magana, hadarin na ɗora wa laifi, har a watan da ko gajimare babu. Na ji nauyin in ce wa mutanen da na yi wa alfahari abin nan yana da iyaka.

Yanzu ga maganar Kezia, ƙanwar abokinka Edward, autar Malam Zachariah maƙwabcinmu. Ka bar ta tana makaranta, to ta gama karatun gwaje-gwajen asibiti, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida. Ta nemi wani tallafin ƙaro karatu a ƙasar waje, irin wanda dubban mutane ke nema. Ta tsallake matakin takardu, ta tsallake na rubutu, saura intabiyu ta bidiyo da malaman can, kowa da ɗan lokacin da aka yanka masa. Maman Edward ce ta shigo ta gaya mini, fuskarta kamar an yi mata albishir da Aljanna, ta ce in taya su addu'a. Na tambaye ta a ina za a yi. Ta ce Kezia ta shirya da wata ƙawarta mai aiki a wani ofis a cikin gari, za a ba ta ɗaki da intanet ɗinsu, don layin wayarta ba ya kamawa sosai a lungunmu.

Ni na hana. Ka ji da kyau, ba su roƙe ni ba. Yarinyar nan ko lambar sirrin ba ta da ita, ba ta cikin masu zama a tsakar gida. Ni na ce wane irin ofis kuma, ga gida? Na ce ta je can wani oga ya buɗe ƙofa yana neman fayil a tsakiyar magana? Na ce ta zo ɗakin mahaifinku, ga tebur, ga labule mai kyau a bayanta, ga sola, ga wayfai mara iyaka. Maman Edward ta ce kada a takura mini. Na ce idan suka kai ta wani wuri, to sun nuna mini ni ba uwarta ba ce. Da wannan maganar na ɗaure su. Kezia ta kira ƙawarta ta ce ta gode, an samu wuri.

Watan kuwa ya zo da hutun makarantu, yara sun dawo gida, kowa da waya a hannu. Ana cikin haka gwaggonka Yakaka ta zo daga Chinade ganin likitan ido, ta sauka a wurina. Ashe labarin anlimited ya kai can. Da ta kwance kayanta sai ga leda cike da wayoyi, na 'ya'yanta da na surukanta da na maƙwabta, kowa ya ba da saƙon a cika masa da finafinai da wa'azi da waƙoƙin biki. Ta ba 'yan matan layi suka jera su a kan tabarma kamar ana shanyar kuɓewa. Na tsaya ina kallo, amma da ta ɗago ta ce mini Allah Ya yi wa Abdulrahim albarka da ya huce wa dangi takaici, amin kawai na ce.

Saƙon kamfani ya shigo ana saura kwana kaɗan intabiyun, da wuri fiye da kowane wata. Wannan karon ban goge ba. Na karanta shi ya fi a ƙirga. Ana jibi Kezia ta zo da kwamfutarta ta gwada, komai ya tafi sumul, ta kira wata ƙawarta suka ga juna tar. Ta juyo tana dariya ta ce, "Mama, wannan ai ya fi na ofis." Maganar tana bakina, Abdulrahim. Abin da zan ce kawai shi ne, 'yata, abin nan ya kusa ƙarewa, ki koma wa shirinki na farko. Ko in kira ka in ce ka ƙara mana wani abu a kai. Ko in fita in ce wa jama'a kowa ya kashe wayarsa sai bayan jibi. Kowanne a cikin ukun zai sa a gane na daɗe ina faɗin abin da ba haka ba. Sai na ce a raina ai saura kaɗan ɗin zai kai mu, Allah Ya rufa asiri. Na sa sunan Allah a inda ya kamata in buɗe baki.

Ranar intabiyun da hantsi Kezia ta shigo cikin farar riga, an yi mata kitso sabo, Maman Edward tana biye da ita da ruwa a gora. Na hana matan unguwa shigowa, na ce musu ana baƙi, amma ban ce kowa ya sauka daga wayfai ba, samarin dakali kuwa suna nan inda suke. Muka zauna ni da uwarta a bakin ƙofar ɗakin, ita tana addu'arta a hankali, ni ina jan carbi. Muka ji an gaisa, muka ji Kezia tana bayani da Turancinta mai daɗi, ba rawar murya, har wani a cikinsu ya yi dariya. Maman Edward ta damƙe hannuna. Can sai muka ji tana maimaita kalma ɗaya, tana tambaya ko suna jin ta. Muryar matar da ke can ta riƙa zuwa guntu-guntu, sannan ta ɗauke. Na leƙa. Fuskokinsu sun daskare a kan allo, hoton Kezia ma ya tsaya da bakinta a buɗe, ga ɗan zoben nan yana juyawa. A daidai lokacin wayata ta yi ƙara a cikin zanena. Ban duba ba, na san saƙon mene ne.

Yarinyar ta yi iya ƙoƙarinta. Ta fita ta sake shiga, ya ƙi. Ta haɗa da wayarta, layin bai kama a ɗaki ba. Ta suri kwamfutar ta fito tsakar gida da gudu ba takalmi, ta ɗaga wayar sama tana zagaya darbejiya, ta fita har ƙofar gida, samarin nan suna kallonta. Da ya kama daga ƙarshe, an riga an rufe, sun wuce kan mai bi mata. Ta tsaya a rana da kwamfuta a hannu, ba ta yi kuka ba. Da ta yi kukan ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Mama, ba komai, netwok ne." Kalmar da na koya wa unguwa ita ta ba ni haƙuri da ita. Ta rubuta musu ta roƙi a sake ba ta lokaci, suka amsa cikin ladabi cewa jadawalinsu ya cika, ta sake nema baɗi. Baɗi kuwa daga farko za ta faro, kuma ba wanda ya san ko za ta sake kaiwa inda ta kai.

Da yammar ranar na tura maka saƙo cewa wayfai ya lalace. Iyakar abin da na ce ke nan. Ban ambaci Kezia ba, ban ambaci Yakaka ba. Kai kuma ka duba daga can ka ga an cinye kason tun wata bai yi nisa ba, ka ga tarin wayoyin da ke kai, ranka ya ɓaci, ka turo saƙon murya. Ka san ni ban iya kara waya a kunne in saurari irin wannan saƙo ba, a fili nake sakewa. Washegari da safe na danna shi ina zaune a tsakar gida, ban san Maman Edward ta yi sallama tana zaure ba, ta zo ɗaukar cajar da Kezia ta manta.

Zan maimaita maka abin da ka ce, don mai fushi ba ya riƙe maganarsa. Ka ce mutanen unguwa ba su da kunya, sun mayar da gidan ubanka wurin cin banza. Ka ce ka tabbata har da gidan Zachariah, tunda katangarmu ɗaya kuma ka ga kwamfuta a cikin abin da aka haɗa. Sannan ka ce ba don baƙin da ba 'yan gari ba kake wahala a ƙasar mutane. Na yi ta danna wayar in kashe, ta ƙi mutuwa sai da ka kai aya. Da na ɗago tana tsaye a bakin zaure. Ta gaishe ni kamar kullum, ta tambayi gwiwata, ta karɓi cajar, ta ce a gaishe ka idan mun yi waya. Na so ƙasa ta buɗe in shige. Ban iya ko raka ta ba.

Baƙi, Abdulrahim? Malam Zachariah ya zo Azare aiki daga Bogoro kana rarrafe. A bayan Maman Edward ka yi barci ranakun da nake makaranta ba mai riƙe ka. Kai da Edward kwano ɗaya kuka ci, bulala ɗaya kuka sha a hannun mahaifinku ranar da kuka je wanka kududdufi. Da ciwon mahaifinku ya tsananta, motar Malam Zachariah ce ta yi ta jigila da shi, shi ya san wane likita za a gani, shi ya riƙe masa hannu ana ƙarin jini lokacin kana jarrabawa a Zariya. Da aka yi rasuwa ya zauna a kan tabarma tare da kawunanka yana karɓar gaisuwa, har baƙi na gaske suna tambaya ko ƙanin mamacin ne. Ban san inda ka samo wannan kalma ba, a gidan nan dai ba a koya maka ita ba. Amma ba zan ɗora maka duka ba. Da na gaya maka gaskiya, da ba ka yi hasashe ba. Ni na ba ka duhu, kai kuma ka yi jifa a cikinsa, ya sami wanda bai ci ba bai sha ba.

Na yi kwanaki ban leƙa waje ba. Ranar da na samu ƙarfin hali na tara matan da suka saba zuwa, na ce musu abin nan yana da iyaka, na sani tun ranar farko, ba hadari ba ne ba kuma netwok ba, mu muka cinye shi, kuma shi ya jawo wa Kezia abin da ya same ta. Wasu suka ce ƙaddara ce, in daina ɗora wa kaina. Wata ta ce da na faɗa tun farko ai da sun riƙa kashewa, su ba mayu ba ne, kuma gaskiyarta. Wata ta naɗe tabarmarta ta ce dama an gaji da su ne ake neman hanya. Yakaka da labari ya kai mata ta aiko Ɗanladi da kaza, wai a ba yarinyar, ta ce ita ba ta da fuskar zuwa.

Gidan Malam Zachariah kuwa, katanga ɗaya, ya zame mini kamar tafiya Makka a ƙasa. Nakan sa mayafi in kai zaure in dawo. Da na shiga daga ƙarshe, bayan la'asar ne, yana zaune yana gyaran rediyonsa. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Na faɗa musu komai, har saƙon da na karanta ana jibi na yi shiru. Maman Edward ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Shi kuma ya ce maganar Kezia ta wuce, abin da Allah bai ba mutum ba ba ya samu, kuma ya san da kyakkyawar niyya na kira ta. Na ce niyyar ta gauraya da son a yabe ni. Ya ce wannan tsakanina da Mahaliccina ne. Sai ya ajiye sukudireban da ke hannunsa ya ce, "Hajiya, ɗaya maganar ce ta hana ni barci. Da wani ne a kasuwa ya faɗa, da ko juyawa ba zan yi ba, mun saba. Amma Abdulrahim?"

A nan na ji abin da ban sani ba. Ƙarshen shekarar nan Malam Zachariah zai yi ritaya. Ashe ya daɗe da yanke shawarar zama a Azare, har ya samu fili a hanyar Misau ya fara zuba bulo, yana cewa nan 'ya'yansa suka sani, nan zai tsufa. 'Yan'uwansa suna ta ja ya koma gida yana ƙi. Yanzu Maman Edward ta koma bayansu. Ta ce mini, ba da faɗa ba, idan yaron da ta goya yana ganinsu haka, to me sauran suke gani? An tsayar da aikin ginin. Bai ce zai tafi ba, bai kuma ce zai zauna ba.

Da zan fito Kezia ta rako ni har ƙofa. Yanzu tana ɗan aiki a wani ɗakin gwajin jini a cikin gari kafin baɗi. Ta rame kaɗan. Ta ce in daina kuka, ita ma da laifinta da ba ta tanadi hanya ta biyu ba. Sannan ta tambaye ni, a hankali kamar mai roƙon alfarma, ko idan an buɗe neman na baɗi zan bar ta ta zo ta cike a ɗakin Baba, wai ɗakin ya yi mata, akwai natsuwa. Ban san lokacin da na zauna a kan dakalinsu ba. Da zagina ta yi da na fi samun inda zan sa kaina.

Wata ya zagayo, gudun ya dawo kamar ba a yi komai ba. Saleh ya canza mini lambar sirri da ya zo gaishe ni. Na gaya wa ɗaliban layi duk mai darasi ko cike wani abu na makaranta ta zo ta same ni, in sa mata da hannuna, in ta gama in cire, kuma duk ranar da saƙon kamfani ya shigo zan karanta shi da ƙarfi kowa ya ji. Har yanzu ina ganin bai dace kamfani ya kira abu mara iyaka alhali yana da ita ba, amma ni ce ta ƙarshe da za ta kai wannan ƙara, tunda su ko ba komai sun turo gargaɗi. Tsakar gida ta yi shiru. Mutum uku ko huɗu ne suke leƙowa yanzu, ba waya a hannunsu, mu yi hira mu tsince shinkafa. Sun ishe ni.

Abin da nake nema a wurinka ɗaya ne. Ka kira Malam Zachariah. Ba saƙon rubutu ba, ba na murya ba, kuma kada ka bi ta wurin Edward. Kada ka aiko musu da wani abu, kada ka ce za ka nema wa Kezia hanya a can, wannan duk zai zama kamar kana sayen bakinsu ne. Ka kira shi ya ji muryar da ta faɗi maganar tana janye ta. Kada ka ce masa ba haka kake nufi ba, ka ce ka faɗa kuma ka yi kuskure. Idan ya yi shiru ka jure shirun. In ya ba Maman Edward wayar, ka gaishe ta da sunan da kake kiranta kana yaro. Ban sani ba ko hakan zai sa a ci gaba da ginin, wannan nasu ne. Namu shi ne kada su bar garin nan, ko su zauna a cikinsa, da wannan kalma a kunnensu daga gidanmu.

Ka gaishe mini da Khaulat da kyau, ka ce mata na ga ɗinkin da ta yi wa yarinya, hannunta ya faɗa. Ka shafa mini kan Hadiza, ka ce ƙawarta tana kewarta ƙwarai. Ɗanladi da iyalinsa suna gaishe ku, haka yayyenka na Misau da Zadawa, da gwaggonka Yakaka da idonta ya fara washewa. Liman ya tambaye ka ranar Juma'a. Ka riƙe salla, ka riƙe harshenka, Allah Ya yi maka albarka duniya da lahira, Ya sa ka gama da mu lafiya.

Ka san ba abin da nake jira a mako kamar ganin fuskar yarinyar nan a waya. Duk da haka, kada ka kira ni sai ka kira shi.

Mahaifiyarka,
Hajiya Yelwa